Daga Maraɗi zuwa Katsina: Me Ya Buɗe wa Mata Ƙofar Majalisa a Can, Ya Rufe Ta a Nan?

Wanda ya tashi daga Katsina da hantsi ya bi ta Jibiya, in dai ba a ɓata masa lokaci a kan iyaka ba, a Maraɗi zai yi azahar. Ba zai nemi tafinta ba, ba zai ga baƙon abinci ba, kuma da wuya ya rasa dangi. Har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi, domin zuriyar sarakunan Haɓen da suka bar birnin bayan jihadi su suka kafa garin. Harshe ɗaya, addini ɗaya, yadda ake tarbiyyar 'ya mace ma ɗaya. Amma majalisar dokokin Nijar da aka zaɓa a watan Disambar 2020 ta zauna da mata fiye da 40 cikin 'yan majalisa 166, wato duk mutum huɗu akwai mace guda. Majalisar dokokin jihar Katsina kuwa, mai kujera 34, ta fito daga zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya. Haka ta Kano mai kujera 40, haka ta Jigawa.

A Abuja ma abin bai sake zani ba. Sanatoci 109 ne, mata uku aka rantsar a watan Yunin 2023, sai daga baya kotu ta ba Natasha Akpoti-Uduaghan kujerar Kogi ta Tsakiya suka zama huɗu. A majalisar wakilai mai mutum 360 matan ba su kai 20 ba. In aka haɗa duka, ba su cika biyar cikin ɗari ba, alhali a rajistar masu zaɓe ta 2023 kusan rabi mata ne. Kuma baya ake yi, domin a 2007 mata tara ne a majalisar dattawa.

Da an tayar da wannan magana, amsar da ke bakin kowa ita ce addini da al'ada. Ban ce babu su a ciki ba. Akwai malaman da ke ganin shugabanci bai dace da mace ba, akwai masu bambanta shugabancin ƙasa da wakilci a majalisa, kuma muhawarar ta daɗe. Sai dai wannan amsa ba ta isa ta bayyana abin da ya raba Katsina da Maraɗi ba. Malaman Maraɗi da Damagaram ba su fi na Katsina sassauci ba, wanda ya san garuruwan zai shaida. Senegal kuma, inda Musulmi suka haura 90 cikin ɗari, mata sun riƙe kujera 73 cikin 165 bayan zaɓen 2022. To, me suka taɓa wanda mu ba mu taɓa ba?

Labarin Nijar ya faro ne daga wani raini. A 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa da zai kawo ƙarshen mulkin jam'iyya ɗaya, aka kafa kwamitin share fage aka sa mace ɗaya tak a ciki. Ranar 13 ga Mayu dubban mata suka cika titunan Yamai, ba su koma gida ba sai da aka ƙara musu kujeru. Shi ya sa har yau ranar 13 ga Mayu ce ranar matan Nijar. Amma zanga-zanga kaɗai ba ta kai su majalisa ba: a zaɓen 1999 mace ɗaya ce ta shiga cikin 'yan majalisa 83. Sai a watan Yunin 2000, zamanin Tandja Mamadou, aka yi dokar kaso, wadda ta ce a muƙaman zaɓe kada wani jinsi ya gaza 10 cikin ɗari, a muƙaman naɗi kuma 25. Zaɓen da ya biyo baya, na 2004, mata 14 suka shiga cikin 113. A 2014 aka ɗaga kason zuwa 15, a 2019 aka kai shi 25 a zaɓe da 30 a naɗi. Duk sa'ad da aka ɗaga, adadin matan ya bi shi. Tsakanin 1999 da 2004 ba a sake wa 'yan Nijar zuciya ba, ba a kuma sake musu malamai ba. Ƙa'idar shiga aka sake.

Abin da ya sa dokar ta ci a can yana cikin yadda suke zaɓe, kuma nan ne masu kawo misalin Ruwanda da Senegal a tarukanmu suka fi yin tsallake. A Nijar, kafin juyin mulkin 2023, jiha guda ita ce mazaɓa. Jihar Maraɗi, alal misali, a lokacin tana da kujeru wajen 30, kowace jam'iyya ta kawo jerin sunayen 'yan takararta, mai zaɓe ya dangwala wa jam'iyya, sannan a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu. A irin wannan tsari abu ne mai sauƙi doka ta ce wa jam'iyya: jerinki ba zai karɓu ba sai da mata kaza a ciki, kuma cikin kujerun da kika ci sai kaza sun zama nasu. Senegal ta ƙara tsanantawa da dokar da Abdoulaye Wade ya sa wa hannu a 2010, inda dole a jera namiji, mace, namiji, mace, in ba haka ba a yi watsi da jerin gaba ɗaya. Nan take, a zaɓen 2012, mata suka kama kujera 64 cikin 150. A Namibiya jam'iyyar SWAPO ce ta ɗora wa kanta irin wannan jeri, har suna kiran shi da sunan jakin dawa saboda zanen jikinsa.

Mu kuwa tsarin Ingila muka gada. Mazaɓa ɗaya, kujera ɗaya, tikiti ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ce ya kwashe duka. Kujera ɗaya ba ta rabuwa kashi uku a ce ga kason mata. Kafin mace ta samu tikiti sai wani namiji takamaimai, mai suna, mai uban gida, wanda ya shekara huɗu yana yi wa jam'iyya hidima, ya haƙura. Shi ya sa manufar ƙasa kan jinsi ta 2006, wadda ta yi alkawarin 35 cikin ɗari, ta tsaya a takarda. Har wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukunci a watan Afrilun 2022 cewa gwamnati ta cika wannan kaso a naɗe-naɗe, amma duk wanda ya ƙirga ministocin da aka naɗa bayan nan ya san inda hukuncin ya kwana.

Saboda haka ainihin zaɓen a Najeriya ba a ranar da ake bin layi ake yin sa ba, a zaɓen fid da gwani ake gama shi. Nan ne ake tankaɗe mata. A 2022 fom ɗin takarar gwamna a APC naira miliyan 50 ne, na sanata miliyan 20, na ɗan majalisar wakilai miliyan 10. Jam'iyyu sukan yi tutiya da cewa sun yafe wa mata kuɗin fom, kuma gaskiya ne sun yafe mafi yawansa. Amma fom shi ne mafi arha a cikin hidimar. Deliget ba ya yafe nasa. Akwai ma matan da suka koka cewa rangwamen kan zama sandar dukansu, idan an zo sasanci a ce: Hajiya, ke da ba ki biya komai ba, ki janye wa wanda ya zuba kuɗinsa. Shi kansa sasancin yaushe ake yin sa? Ƙarfe biyun dare, a falon wani babba ko a ɗakin otal. Matar aure da ta halarci irin wannan zama ta san sunan da gari zai ba ta kafin asuba, wadda ba ta halarta ba kuma da safe za ta ji an tsayar da wani.

Ga kuma rikicin asali. Mace 'yar Zariya da ta yi shekara talatin tana aure a Sakkwato, in ta nemi kujera a gidan miji a ce ba 'yar nan ba ce, in ta koma gidan uba a ce ai ta zama ta wasu. Ga 'yan jagaliya. A watan Nuwambar 2019, bayan zaɓen gwamnan Kogi, an ƙone Salome Abuh, shugabar mata ta PDP a mazaɓarta, a cikin gidanta. Ba takara ta tsaya ba ma.

Wannan muƙami na shugabar mata ya isa a tsaya a kansa. Kowace jam'iyya tana da shi, daga mazaɓa har ƙasa, kuma sau da yawa shi kaɗai ne kujerar mace a cikin shugabannin jam'iyya. Aikinta ta tara mata, ta raba atamfar anko, ta cika fili ranar gangami, a yi guɗa, ranar zaɓe kuma ta tabbata layin mata ya yi tsawo. 'Yan siyasar Arewa sun fi kowa sanin darajar ƙuri'ar mata, su ne ke cewa mace in ta yi alkawari ba ta saɓawa. Sun yarda da ita a layi, sun yarda da ita a rabon taliya da sabulu. Wurin rabon tikiti ne ake tuna cewa akwai al'ada.

Ita kanta ƙuri'ar ba da daɗewa aka ba matan Arewa ba. Matan kudu sun yi zaɓe tun shekarun 1950, na Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU a Sabon Garin Zariya, ta sha ɗauri har sau 16 da duka da zagi a kan wannan haƙƙi, a zamanin da duk macen da ta hau mumbarin siyasa karuwa ake ce mata. Ta rasu a 2001. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Zariya, amma har yanzu ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra wata uku ne kawai bayan an tsige Peter Obi a 2006. Abin lura shi ne waɗanda suka fi kusa da kujerar ta hanyar ƙuri'a duk 'yan Arewa ne kuma Musulmi: Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, a 2015, da Aishatu Ɗahiru Binani a Adamawa a 2023, wadda ta kayar da maza irin su Nuhu Ribaɗu da tsohon gwamna Bindow a zaɓen fid da gwani. Takarar Binani ta ƙare cikin abin kunya, da kwamishinan zaɓe ya sanar da ita kafin a gama tattara sakamako, hukumar zaɓe ta soke sanarwar, aka ba Ahmadu Fintiri. Amma dubban ɗaruruwan da suka dangwala mata, maza da mata, sun nuna talaka bai ƙi mace kamar yadda ake faɗa da yawunsa ba.

Akwai masu cewa matan da suka cancanta ne babu. Wannan magana sai wanda bai san wa ke riƙe da unguwa ba. A 1991, shekarar da matan Yamai suka fito titi, ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan shiri a ƙauyukan Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara. Adashi ne aka gyara masa zama. Mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati, a ba mai bukata rance ta juya ta dawo da shi da ɗan ƙari, ƙarshen zango a fasa a raba. Suna da shugaba, da ma'aji, da masu riƙe makulli, da tarar wadda ta makara. Wannan dubara ta matan Hausa ta bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta. Da Nijar ta yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, ga dokar kaso ta tilasta wa jam'iyyu neman mata, cikin waɗannan ƙungiyoyi aka samo da yawa daga cikin kansilolin. Macen da ta shekara goma tana riƙe kuɗin mata talatin ba a taɓa kama ta da cin ko dala ba, ta iya magana a taro, ta iya bin bashi ba tare da an ɓata ba, me ya rage mata na aikin kansila?

A wannan ɓangaren iyakar ma irinsu ba su da iyaka. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya da aka kafa a Minna a 1985, tana da makarantu da asibitoci a jihohi da yawa. Da aka zo yaƙi da shan inna, bayan Kano ta dakatar da rigakafi a 2003 kuma jita-jita ta cika gari, gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" mata ne suka shiga, ɗaki ɗaki, suna lallashin 'yan uwansu. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano. Ba su daina ba, har aka kai watan Agustan 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da cutar ta asali. Waɗannan matan sun san wace rijiya ce ta ƙafe, wane asibiti ne ba shi da ungozoma, wace makaranta ce ba ta da makewayin 'yan mata. Ranar da za a zauna a kasafta kuɗin rijiya da asibiti da makaranta, ba sa ɗakin.

Kada kuma a ɗauka yawan kujeru shi ne magani duka. Ruwanda ake fara ambata a kowane taro, kuma lambobinta sun cancanci ambato: tsarin mulkin 2003 ya keɓe wa mata kujera 24 cikin 80, a 2008 ta zama ƙasa ta farko a duniya da mata suka fi maza yawa a majalisa, yanzu sun haura 60 cikin ɗari. An yi dokokin kirki, kamar ta 1999 da ta ba 'ya mace gado, da ta 2008 kan cin zarafi, wadda matan majalisa suka kawo da kansu. Amma majalisa ce da ba ta ja da fadar shugaban ƙasa. Matan da suka nemi kujerar shugaba Paul Kagame, Victoire Ingabire da Diane Rwigara, duk sun ga cikin kurkuku. A Senegal, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2014, birnin Tuba na mabiya ɗariƙar Muridiyya ya kawo jerin maza zalla, kuma hukuma ta kau da kai. Dokar ba ta shafi naɗi ba, shi ya sa gwamnatin da Ousmane Sonko ya kafa a 2024 ta zo da mata huɗu kacal. A Nijar majalisar da ke da mata 14 ce ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006. Sannan juyin mulkin Yulin 2023 ya rushe majalisar gaba ɗaya, da mazanta da matanta. Kaso ba ya aiki inda babu zaɓe.

Ƙasashen da ke zaɓe irin namu wata hanya suka bi, ta ƙirƙirar kujeru na musamman. A Uganda kowace gunduma tana zaɓen mace guda. A Kenya tsarin mulkin 2010 ya ba kowace gunduma cikin 47 wakiliya mace, kuma kowa da kowa ke jefa mata ƙuri'a. A Tanzaniya jam'iyyu ne ke cike kujerun gwargwadon ƙarfinsu. Samia Suluhu Hassan ta irin wannan kujera ta shiga majalisar Zanzibar a 2000, a 2010 ta tsaya takara a mazaɓar Makunduchi ta ci da ƙuri'a, a 2021 ta zama shugabar ƙasa. Masu goyon baya kan ce ga tsani. Masu suka kan ce da yawa sun hau matakin farko sun zauna, domin jam'iyya takan ce wa mace ta bar mazaɓa ga maza tunda tana da tata kujerar.

Irin wannan aka kawo majalisar tarayyar Najeriya ranar 1 ga Maris, 2022: ƙarin kujera 111 na mata, 37 a dattawa, 74 a wakilai. Matar mataimakin shugaban ƙasa tana zaune a zauren aka kayar da shi, tare da wasu ƙudurori huɗu, ciki har da wanda zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar. A majalisar wakilai mutum 81 suka ce e, 208 suka ce a'a. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. An dawo da ƙudurin a majalisa ta goma a ƙarƙashin mataimakin kakaki Benjamin Kalu, an rage shi: kujera ɗaya a dattawa da ɗaya a wakilai ga kowace jiha da Abuja, da uku a kowace majalisar jiha, a sake duba tsarin bayan shekara 16. Ya tsallake karatu na biyu a watan Yulin 2024.

Ni ina tare da shi, amma ba da ido rufe ba. Maganar tsada gaskiya ce, majalisarmu ta riga ta yi wa talaka nauyi, sai dai ban taɓa jin wannan kuka ba idan ana sayen motocin 'yan majalisa. Tsorona yana wani wuri. Idan tikitin kujerar mata zai fito daga falon da sauran tikitoci ke fitowa, to matan gwamnoni da 'ya'yansu da ƙannensu ne za su cika ta, ma'ajin adashi da mai ɗigon rigakafi kuma su ci gaba da guɗa. Mazaɓar da za ta kai faɗin jiha guda sai mai kuɗin gwamna ke iya zagaya ta. Da za a ji tawa, da an fara daga ƙasa, inda Nijar ta samu nata. Muna da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu fiye da 8,000, kuma kowa ya san gwamna ne ke rubuta sunayen ciyamomi da kansiloli kafin hukumar zaɓen jiha ta sanar. Wanda ke da wannan iko ba ya bukatar gyaran tsarin mulki kafin ya sa mata. A Kwara gwamna AbdulRahman AbdulRazaq ya ba mata fiye da rabin kujerun kwamishinoni a 2019, ya sa hannu a dokar 35 cikin ɗari a 2021, kuma a 2023 mata biyar suka ci zaɓen majalisar jihar mai kujera 24, ɗaya tana da shekara 26.

Shi kuwa gyaran tsarin mulki hanyarsa doguwa ce. Sai kashi biyu cikin uku na dattawa da na wakilai sun amince, sannan a aika wa majalisun jihohi 36, a samu 24 da suka yarda. Jiha 13 suka ƙi, magana ta mutu. Majalisun jihohin da suka fito daga zaɓen 2023 babu mace ko ɗaya a cikinsu sun haura 12, kuma yawancinsu a Arewa suke, har da ta Katsina.